Babban Zaren Silima da Matsakaicin Zaren Hoto: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Lokacin da aka saki fim ɗin Oppenheimer a watan Yulin 2023, hankalin jama'a bai tsaya ga labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko kaɗai ba. An yi ta maganar zaren da aka ɗauki fim ɗin a kansa. Kwafi guda na wannan fim, irin wanda aka tanadar wa manyan gidajen kallo na IMAX, tsawonsa ya kai kusan kilomita 18, nauyinsa kuma kimanin kilo 270. Gidajen kallo kusan 30 ne kacal a faɗin duniya suka haska wannan kwafi, amma duk da haka mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don su gan shi a can.

Masu sana'ar silima suna kiran irin wannan zare da suna "babba". Sai dai da za a yanko hoto guda daga cikinsa a miƙa wa tsohon mai ɗaukar hoto, da zai duba ya ce ai wannan "matsakaici" ne, domin girmansa bai wuce na hoton da kyamararsa ta aiki take fitarwa ba. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kowa da ma'aunin sana'arsa. Abin da ya raba su shi ne yawan hotunan da kowanne yake bukata: mai hoto guda ɗaya yake nema, mai silima kuwa sai ya samar da 24 a kowace daƙiƙa. Daga wannan bambanci ne tsada da nauyi da duk wahalar babban zare suka samo asali.

Me ya sa ake damuwa da girman zare?

Zaren fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa sinadari mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin azurfa. Idan haske ya ratsa gilashin kyamara ya sauka a kan ƙwayoyin, sai su sauya, amma ido ba ya ganin sauyin har sai an kai zaren ɗakin wanki an tsoma shi cikin ruwan magani. Abin da ke fitowa shi ne nagetif, wanda fari ke komawa baƙi a cikinsa, baƙi kuma ya koma fari. Daga nagetif ake buga hoto a kan takarda, ko a kwafe shi zuwa wani zaren domin haskawa a allo. Kowane hoto guda da ke jere a kan zare ana kiransa firam.

Idan shafin sinadarin iri ɗaya ne, girman ƙwayoyin ba ya canzawa, ko zaren siriri ne ko mai faɗi. Saboda haka firam mai faɗi ya fi ɗaukar ƙwayoyi, kuma yawan ƙwayoyi shi ne yawan bayanin da hoto zai iya riƙewa. Lamarin ya yi kama da aikin babbar riga: allura ɗaya ce, kaurin ɗinki ɗaya ne, amma wanda aka shimfiɗa wa ƙyalle mai faɗi zai fitar da adon da wanda aka ba shi guntu kamar tafin hannu ba zai iya ba.

Akwai kuma batun faɗaɗawa. Duk hoton da za a kalla sai an ƙara masa girma, kuma gwargwadon yadda aka ja shi, gwargwadon yadda ƙwayoyinsa da lahaninsa suke bayyana. Babban firam ba ya bukatar ja da yawa kafin ya cika allo ko takarda, don haka hotonsa ya fi fitowa tas, launukansa kuma suna narkewa cikin juna a hankali, daga haske zuwa inuwa.

Yadda silima ta kai ga milimita 70

Zare mai faɗin milimita 35 shi ne asalin ma'aunin silima. William Dickson ne ya tsara shi a ɗakin gwaje-gwajen Thomas Edison a Amurka a farkon shekarun 1890, da ƙananan ramuka a jere a gefe biyu, waɗanda haƙoran na'ura suke kamawa su ja zaren. Kowane firam yana cin ramuka huɗu. Bayan shigowar sauti, sai aka ware wa murya wuri a gefen zaren, kuma a 1932 aka tsayar da girman firam a kan kimanin milimita 22 a faɗi da 16 a tsayi. Wannan ɗan fili, da bai wuce farcen babban yatsa ba, shi ya ɗauki akasarin finafinan ƙarni na ashirin.

An yi yunƙurin faɗaɗa shi tun da wuri. Kamfanin Fox ya fito da zaren milimita 70 mai suna Grandeur, ya ɗauki fim ɗin The Big Trail da shi a 1930, wanda shi ne fim na farko da John Wayne ya ja ragamarsa. Yunƙurin bai yi nasara ba. Masu gidajen kallo ba su daɗe da kashe kuɗi wajen sanya na'urorin sauti ba, ga kuma karayar tattalin arzikin da ta auka wa duniya a lokacin, don haka babu mai sha'awar sayen sabuwar na'urar haskawa.

Talabijin ce ta farfaɗo da maganar. A farkon shekarun 1950, Amurkawa sun fara zama a gida suna kallon akwati, gidajen silima suka soma yin fayau. Sai kamfanonin Hollywood suka nemi abin da akwatin gida ba zai iya bayarwa ba, wato girma. Cinerama ya fito a 1952 da zare uku da na'urorin haskawa uku a kan lanƙwasasshen allo. CinemaScope ya biyo baya a 1953 da gilashin da ke matse hoto mai faɗi cikin zaren milimita 35, a sake buɗe shi wurin haskawa. A 1954 kamfanin Paramount ya kawo VistaVision, inda aka kwantar da zaren milimita 35 yana tafiya a kwance, kowane firam yana cin ramuka takwas.

Tsarin da ya zauna da gindinsa shi ne Todd-AO, wanda Mike Todd ya samar tare da kamfanin American Optical, aka fara ganinsa a fim ɗin Oklahoma! a 1955. Daga nan ne lambobi biyu da ke rikita mutane suka fito, wato 65 da 70. Zaren da ake sa wa kyamara faɗinsa milimita 65 ne. Kwafin da ake kai wa gidan kallo kuwa milimita 70 ne, domin an ƙara milimita biyar don ɗaukar layukan sauti, waɗanda suka kai shida. Firam ɗin yana cin ramuka biyar, girmansa kimanin milimita 52 da 23.

A kan wannan zare aka ɗauki manyan finafinan wancan zamani: Ben-Hur a 1959, Lawrence of Arabia a 1962, da 2001: A Space Odyssey a 1968. Wanda ya kalli Lawrence of Arabia zai tuna wurin da Omar Sharif ya ɓullo a kan raƙumi daga can ƙarshen hamada, ya fara kamar ɗigon tawada cikin kawalwalniya, yana ƙaratowa sannu a hankali har ya zama mutum. Darakta David Lean ya yarda ya bar kyamara tana kallon fili haka ne saboda ya san zaren zai riƙe wannan ɗigon.

Ya kamata a lura cewa ba duk fim da aka tallata da "milimita 70" aka ɗauka a kan babban zare ba. Da yawa a kan milimita 35 aka ɗauke su, sannan aka faɗaɗa kwafin. Sholay, fim ɗin Indiya na 1975 da masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai, yana cikin irin waɗannan. Faɗaɗawar tana ba da haske mai ƙarfi da sauti mai kyau, amma ba ta ƙara bayanin da kyamara ba ta ɗauka tun farko ba. Tsadar aiki ta sa daga 1970 aka kusan daina ɗauka da milimita 65, in ban da jefi-jefi, kamar Hamlet na Kenneth Branagh a 1996.

IMAX: zaren da aka kwantar

Wasu 'yan Kanada huɗu, Graeme Ferguson da Roman Kroitor da Robert Kerr da William Shaw, su suka gina IMAX a ƙarshen shekarun 1960. Dabararsu ita ce su yi wa zaren milimita 65 abin da VistaVision ya yi wa na 35: su kwantar da shi. A maimakon ramuka biyar, kowane firam sai ya ci ramuka 15, girmansa ya kai kimanin milimita 70 da 52. Wannan ya ninka firam ɗin milimita 35 na gargajiya kusan sau goma.

Matsalar ita ce babu na'urar haskawa ta wancan lokaci da za ta iya fizgar firam mai wannan girma sau 24 a daƙiƙa ba tare da ta yaga zaren ba. Mafita ta zo daga wani ɗan Ostareliya mai suna Ron Jones, wanda ya ƙirƙiro hanyar tura zare cikin lanƙwasa, kamar tafiyar tsutsa, ta yadda kowane firam zai sauka a mazauninsa a hankali. An nuna fim na farko, Tiger Child, a baje kolin duniya na birnin Osaka na Japan a 1970, kuma a 1971 aka buɗe gidan kallo na dindindin na farko, Cinesphere, a birnin Toronto.

Shekaru da dama IMAX ya zauna a gidajen tarihi da cibiyoyin kimiyya, yana nuna gajerun finafinai kan duwatsu da teku da sararin samaniya. Christopher Nolan ne ya shigo da kyamarar cikin manyan finafinan kasuwa da The Dark Knight a 2008, inda ya ɗauki kusan rabin sa'a na fim ɗin da ita. Daga nan sai Interstellar da Dunkirk da Oppenheimer, wanda saboda shi kamfanin Kodak ya yanka zaren baƙi da fari mai faɗin milimita 65, abin da ba a taɓa amfani da shi a kyamarar IMAX ba. A 2025 Ryan Coogler ya fitar da Sinners, wanda Autumn Durald Arkapaw ta ɗauka, ta zama mace ta farko da ta ɗauki cikakken fim na kasuwa da zaren IMAX.

Matsakaicin zare a hannun masu hoto

Masu ɗaukar hoto sun kasa kayan aikinsu gida uku. Ƙarami shi ne zaren milimita 35, wanda suka aro daga silima. Kyamarar Leica ta 1925 ce ta yaɗa shi, da firam mai milimita 36 da 24. Babba shi ne wanda ake sa wa kyamara falle-falle, daga inci 4 da 5 zuwa sama, irin na kyamarorin da mai hoto yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayansu. Tsakaninsu akwai matsakaici, wanda ginshiƙinsa shi ne zaren da ake kira 120.

Kodak ne ya fito da 120 a 1901 domin kyamarar Brownie mai lamba 2. Lambar 120 lamba ce kawai a jerin kayan kamfanin, ba awon zaren ba ce. Faɗinsa kimanin milimita 61 ne. Ba shi da ramuka a gefe. An manna shi da wata doguwar takarda da ke kare shi daga haske, an naɗe su tare a kan sanda. Tsayin firam yana tsayawa a kimanin milimita 56, amma faɗinsa ya danganta da kyamara. Naɗi guda yana ba da hoto 15 ko 16 a kyamarar santimita 6 da 4.5, hoto 12 a ta 6 da 6, hoto 10 a ta 6 da 7, hoto takwas kuma a ta 6 da 9.

Kyamarori kaɗan ne suka yi wa wannan zare suna. Rolleiflex ta Jamus, mai gilashi biyu ɗaya a kan ɗaya, ta fito a 1929; mai hoto yana rataye ta a ƙirji ya leƙa ta sama. Victor Hasselblad na birnin Gotenbag a Suwidin ya fitar da kyamararsa ta kasuwa ta farko a 1948, sai samfurin 500C a 1957. Japan ta kawo Pentax 6x7 a 1969 da Mamiya RB67 a 1970. Da waɗannan aka yi aikin hotunan mujallu da tallace-tallace da bukukuwan aure har zuwa shigowar dijital. A Afirka ta Yamma, Malick Sidibé na Bamako ya yi fice da hotuna masu murabba'i na matasan Mali, waɗanda suka kai shi ga lambar yabo ta Hasselblad a 2003.

Akwai wurin da sana'o'in biyu suka taɓa haɗuwa a zahiri. Hotunan da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ɗauka a duniyar wata a 1969, da kyamarar Hasselblad aka ɗauke su, amma zaren da ke cikinta mai faɗin milimita 70 ne, mai ramuka a gefe. An zaɓi hakan ne domin akwati guda ya ɗauki hotuna fiye da ɗari, tun da mutumin da ke sanye da kaurin safar hannu ba zai iya sauya naɗi bayan kowane hoto 12 ba.

Awo da awo

Idan aka jera firam-firam ɗin bisa faɗin filinsu, a murabba'in milimita, ga yadda suke a ƙiyasce. Firam ɗin silima na milimita 35 yana da 350. Na kyamarar hoto mai zaren 35 yana da 864, daidai da na VistaVision a kusance. Milimita 65 mai ramuka biyar yana da 1,200. Sai 6 da 4.5 mai 2,300, sai 6 da 6 mai 3,100. IMAX yana da 3,700, 6 da 7 kuma yana da 3,900. Na 6 da 9 ya kai 4,700, falle mai inci 4 da 5 kuwa ya haura 11,000.

Jerin ya nuna abu biyu. Na farko, zaren da aka ɗauki Lawrence of Arabia da shi kimanin rabin mafi ƙanƙantar firam na matsakaicin zare ne. Na biyu, IMAX, wanda shi ne mafi girman zaren da silima take aiki da shi, tagwaye ne da firam ɗin 6 da 7. Har siffarsu ta yi kusa: a IMAX faɗi ya ninka tsayi sau 1.43 a kan allo, a 6 da 7 kuma kimanin sau 1.25, alhali milimita 70 na gargajiya sau 2.20 ne.

Wannan kusanci ya sa suke cin abinci a akushi ɗaya ta fuskar gilashi. Kowane gilashin kyamara yana jefa hoto ne a siffar da'ira, kuma dole da'irar ta rufe firam daga kusurwa zuwa kusurwa. A IMAX wannan tazara kimanin milimita 88 ce, a 6 da 7 kuma 89. Gilasan silima na yau da kullum ba sa rufe wannan fili, don haka kyamarorin IMAX suka daɗe suna aiki da gilasan Hasselblad da aka sauya wa gida. Hoyte van Hoytema ya yi amfani da irinsu, masu milimita 50 da 80, wajen ɗaukar Oppenheimer.

Siffar hoton ma iri ɗaya ce. Babban firam yana bukatar gilashi mai dogon zango kafin ya nuna abin da ƙaramin firam zai nuna da gajere, kuma a haka yankin da ke fitowa tas yana raguwa. Fuska tana fitowa sarai, bayanta kuma ya dusashe a hankali. Wannan ne yake ba hotunan Rolleiflex da na IMAX wani zurfi da ido ke ganewa ko da mai kallo bai san dalili ba.

Inda hanya ta rabu

Naɗin 120 bai kai mita guda ba a tsawo, kuma mai hoto zai iya wuni da shi. Kyamarar IMAX kuwa tana cinye kimanin mita 1.7 a kowace daƙiƙa, wato fiye da mita 100 a minti. Hotuna goma da naɗi guda yake bai wa mai kyamarar 6 da 7, ita tana gamawa da su kafin rabin daƙiƙa. Akwatin zare mai ƙafa 1,000 yana ƙarewa cikin kimanin minti uku, alhali a kyamarar milimita 35 yakan kai minti 11. Fim mai tsawon sa'a uku yana ɗauke da firam 259,200, kwatankwacin naɗi 26,000 na mai hoto, kuma wannan lissafin abin da ya kai ga allo ne kawai, ban da wanda aka ɗauka aka zubar. Idan aka haɗa tsawo da faɗi, minti guda na IMAX yana cin ɗanyen zare kusan ninki bakwai na abin da milimita 35 yake ci.

Gudun nan yana zuwa da ƙara. Injin da ke jan zaren, tare da famfon da ke tsotse iska don firam ya kwanta sumul a bayan gilashi, suna da ƙarar da takan danne muryar 'yan wasa. Shi ya sa a finafinai da dama aka riƙa ɗaukar wuraren hira da kyamarar ramuka biyar, wadda ba ta kai ta ƙara ba, a bar wa IMAX fagen yaƙi da faɗin ƙasa. Ga kuma nauyi: kyamarar IMAX ta haura kilo 20, alhali Hasselblad da gilashinta da akwatin zarenta kimanin kilo ɗaya da rabi ne.

Lokaci ma ba ɗaya ba ne. Mai hoto yana iya buɗe wa haske ƙofa na ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa don ya tsayar da doki a guje, ko ya bar ta buɗe minti guda a cikin duhu. Mai silima a ɗaure yake da kimanin ɗaya bisa 48 na daƙiƙa, don haka duk abin da ke motsi yana ɗan shafewa a kowane firam. Wanda ya ɗaga firam guda na IMAX ya duba zai iya samun bai kai hoton Pentax kaifi ba. Amma a kan allo ido yana haɗa firam-firam masu bin juna, kuma da yake ƙwayoyin kowanne a warwatse suke daban, sai su rufa wa juna asiri, hoton ya fito fiye da yadda firam guda zai nuna. Haka nan ƙarancin yankin da ke fitowa tas, wanda ado ne ga mai hoto, jarrabawa ce ga ma'aikacin da ke juya gilashi yana bin ɗan wasa mai tafiya, domin kuskuren 'yan santimita yakan fito ƙarara a allo.

Wankin ma ya bambanta. Zaren silima mai launi ana wanke shi da tsarin da ake kira ECN-2, na hoto kuma da C-41, kuma an yi na silima da laushin launi domin za a sake kwafe shi. Duk da haka akwai zirga-zirga tsakaninsu: kamfanin CineStill na Amurka yana sayar da zaren silima na Kodak a naɗin 120 ga masu hoto.

Bambanci na ƙarshe shi ne inda hoton zai je. Idan aka buga nagetif na 6 da 7 a takarda mai faɗin santimita 60, an faɗaɗa shi kimanin sau tara. Allon gidan IMAX na BFI da ke Landan faɗinsa kimanin mita 26 ne, tsayinsa mita 20. Firam mai milimita 70 sai an ja shi kusan sau 370 kafin ya cika shi. Girman da ke zama wadata a hannun mai hoto, a wurin mai silima iyakar abin da zai fitar da shi kunya ne.

Bayan zuwan dijital

Sunayen sun tsallako zuwa zamanin dijital, amma awon ya ragu. Kyamarorin hoto na Fujifilm GFX da Hasselblad X, waɗanda ake sayarwa da sunan matsakaici, farantin da ke kama haske a cikinsu kimanin milimita 44 da 33 ne, bai kai ko firam ɗin 6 da 4.5 ba. A ɓangaren silima, Alexa 65 da kamfanin Arri na Jamus ya fitar a 2014 tana da faranti mai kimanin milimita 54 da 26, wato tsaran zare mai ramuka biyar, kuma gilasanta na farko ma daga na Hasselblad aka samo su.

Haka abin yake ga sunan IMAX. Tun 2008 kamfanin ya fara kafa na'urorin haskawa na dijital, kuma yau mafi yawan gidajen da ke ɗauke da sunansa, har da wanda aka buɗe a Lekki ta Legas a 2016, da dijital suke aiki. Galibinsu allonsu faɗinsa ya ninka tsayi sau 1.90, don haka akan datse sama da ƙasan hoton da aka ɗauka da zare mai ramuka 15. Mai sayen tikiti a ƙasashen waje da ke son ganin ainihin zaren sai ya nemi inda aka rubuta IMAX tare da milimita 70. Inda aka rubuta milimita 70 kaɗai, mai ramuka biyar ake nufi.

Sha'awar babban zare ta dawo a 'yan shekarun nan. Quentin Tarantino ya tono tsofaffin gilasan Ultra Panavision don The Hateful Eight a 2015, The Brutalist na 2024 ya farfaɗo da VistaVision, Nolan kuma ya ɗauki The Odyssey gaba ɗayansa da kyamarorin IMAX, bayan kamfanin ya ƙera sababbi masu ƙarancin ƙara. Amma ginin yana tsaye ne a kan ƙafa ɗaya. Fujifilm ya daina yin zaren ɗaukar silima a 2013. Kodak kansa ya shiga kariyar fatara a 2012, kuma sai da manyan kamfanonin Hollywood suka ƙulla yarjejeniyar ci gaba da sayen zarensa a 2015 kafin aikin ya tsira. Mai kyamarar 120 yana da inda zai juya, domin ban da Kodak akwai Ilford a Ingila da Foma a Jamhuriyar Cek, kuma zai iya wanke baƙi da fari a ɗakinsa. Mai ɗaukar fim da milimita 65 kuwa ya dogara ne da masana'anta guda a birnin Rochester na jihar New York, da ɗakunan wanki da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, da kuma tsirarun ma'aikatan da har yanzu suka iya ɗora zare mai kilomita 18 a kan na'ura.